Oba-oba Ba Ta da Leɓe

Ko da sauran ranakun da na yi a bakin aiki za su goge daga kaina, ban ga abin da zai mantar da ni ranar da na je ɗaukar soja, aka ɗaga hannuna a gaban taron jama'a aka ce ba a taɓa ganin mai kunne irin nawa ba. Na ga kun fara murmushi, don kun san sai an buga ƙofata kamar za a ɓalle ta nake amsa sallama. To ku yi haƙuri ku ji yadda aka yi, musamman ku biyun nan da kuka ce kuna shawarar barin kamfani ku sa kaki.

Farkon shekarun tamanin ne. Ni Habu ina da shekara ashirin da huɗu, shida daga ciki a ɗakin saƙa na yi su, a wata masaƙa da ke Sharaɗa. Ina zaune a Panshekara tare da mahaifiyata, wadda muke kira Inna, kullum in hau kekena in zo. Ga wanda bai san aikin ba, kamfanin ba ya tsayawa. Kashi uku ake yi, masu safe, masu rana, masu dare, kowane kashi awa takwas. Kowane ma'aikaci ana ba shi inji shida ya tsare. Zare ya tsinke, inji ya tsaya, ka ruga ka ƙulla ka tayar, kafin ka juyo wani ya tsaya. A kanmu akwai heluma, wato shugaban layi, a kansa akwai sufabaiza, can sama kuma manaja, wanda ba ma ganinsa sai in an yi ɓarna.

Abin da ba ya kwatantuwa ga wanda bai shiga ba shi ne ƙarar wurin. Injuna ne jere reras daga bango zuwa bango, kowanne ƙoshiyarsa na kai da komo tana dukan ƙarfe, ƙasa na rawa har cikin haƙoranka. Ko ka kafa baki a kunnen mutum ka kwarma ihu, a banza. Saboda haka mu 'yan ɗakin saƙa muna da tamu hanyar magana. Ba ma fitar da murya. Baki kawai muke motsawa, mutum ya dubi leɓenka ya ɗauke zancen. Sabon shiga sai ya yi wata uku yana zare ido, daga nan sai ka gan shi yana hira da wanda ke layi na biyar. Da haka muke gulma, da haka muke tsokana, da haka aka taɓa nema wa wani aure daga wannan bango zuwa wancan, aka kuma daidaita.

A waje ma an san mu. In ka ji mutum a kasuwar Panshekara yana tayin tumatir kamar mai raba faɗa, ba sai ka tambaya ba, namu ne. Masu aure kuwa kullum matansu na ƙorafin rediyo ya cika gida. Mu dai mun ɗauka sabo ne, muna ma alfahari da shi.

Abin da ya sa mini son soja ba yaƙi ba ne, ni ko kaza ba na son yankawa. Lalube ne. Kullum in an tashi sai mun jeru a bakin ƙofa, mu ɗaga hannu sama, maigadi ya shafa mu daga wuya har idon sawu, ya leƙa kwanon abinci, ya cire mana hula, wai kada a fita da zare. Shekara shida ana yi mini haka, ban taɓa ɗaukar ko sili ɗaya ba, ban kuma taɓa sabawa ba. Abin na ci mini rai ƙwarai.

Ana nan sai ga Isyaku ya zo gaishe mu. Isyakun nan ni na koya masa ƙulla zare, bai yi wata takwas ba ya tsere ya shiga soja. Ya dawo cikin kakin da ya sha sitaci, takalmi na ƙyalli, yana tafiya kamar ya haɗiye taɓarya. Maigadin da ke cire mana hula shi ya ƙame ya sara masa. Sufabaizan da a da ke kiransa shashasha shi ya jawo masa kujera, ya aika aka sayo masa lemo. Da aka tashi muka fito tare, ina tsaye hannu sama ana lalube mini hamata, Isyaku ya wuce ta gefena hannu a aljihu, ba wanda ya ce masa kanzil. A wurin na ce da raina, Habu, zaman nan ya ƙare.

Da na gaya wa Inna, sai da ta ajiye muciya. Tana da ƙane da ya tafi yaƙin basasa bai dawo ba, ko kabarinsa ba a sani ba.

Ta ce, "Soja? Mu a gidan nan mun riga mun fitar da zakka. Ka zauna a aikinka na lafiya, ka fita da ƙafarka ka dawo da ƙafarka."

Wata guda ina bin ta. Na turo mata limamin unguwa, na turo yayarta, na turo duk wanda na san tana jin nauyinsa. Daga ƙarshe ta ce, "Allah Ya zaɓa abin da ya fi alheri." Amma yadda ta ja alherin nan, na san abin da take roƙo shi ne in faɗi warwas.

Helumanmu Malam Garba ne, wani ɗan siririn dattijo da ya fara aiki tun ranar da aka kafa injin farko. Ba ya gaggawa, ba ya faɗa, duk takardun layi a cikin hularsa yake ajiye su. Da aka yi shelar ɗaukar kurata, daga bakin injina na motsa masa baki na gaya masa. Ya dube ni na ɗan lokaci, ya ce Allah Ya ba da sa'a, ya musanya mini ranar da wani daga masu rana. Wanda ya ɗauki abin da zafi shi ne Tanko, maƙwabcina a layi. Sau biyu yana zuwa ɗaukar soja ana koro shi saboda gwame, don haka ya naɗa kansa malamina.

Kai, na ga horo a hannun Tanko! Ya hana ni hawan keke, sai dai in yi gudu daga Panshekara zuwa Sharaɗa, shi yana bina a kan keken nawa yana yi mini tsawa. Karnukan hanya duk sun san ni. Ya aro tef daga wurin masu duba yadi, kowace safiya ya auna mini ƙirji, in bai ƙaru ba ya ce furar jiya ta yi ruwa. Ya sa ina lilo a jikin ƙarfen rumfar kekuna wai in ƙara tsawo. Ya koya mini yadda ake tsayuwa, yadda ake buɗe baki a nuna haƙora, har yadda ake tari na maza in likita ya ce a yi tari. Gwajin kunne ne kaɗai bai koya mini ba, don shi bai taɓa wuce gwajin gwiwa ba.

Wata Litinin cikin bazara muka hallara a filin bariki tun da hantsi. Ga yadda ake yi. Kowa ya tuɓe sai gajeren wando, a shafa masa lamba a ƙirji. A fara da gudu, waɗanda suka zo baya a kora su. A auna tsawo, a auna ƙirji. A ce ka haɗe ƙafa a duba gwiwa, a duba tafin ƙafa, a duba ido da allon baƙaƙe. Kowane mataki mutane na raguwa, wasu na fita suna share hawaye da riga. Ni dai ina ta wucewa, albarkacin Tanko da karnuka. A ƙarƙashin wata darbejiya kuma akwai tebur, wani kyaftin na zaune a inuwa yana sa hannu, gefensa wani saje baƙi ƙato, mai gashin baki, shi ke korar waɗanda suka faɗi.

Gwajin kunne shi ne na ƙarshe. Wani kofur na asibiti ne ke yi, rana ta dafa shi, ya gaji liƙis. Zai tsaya taku shida daga gare ka, ka toshe kunne ɗaya da yatsa, ya raɗa lamba, ka maimaita. Ashe a ƙa'ida juya mutum ake yi ya ba da gefe, amma layi ya yi tsawo, kofur ya daina wahalar da kansa. Da aka zo kaina muka tsaya fuska da fuska. Mai raɗa kuwa kun san buɗe baki yake yi sosai.

Ya ce arba'in da bakwai, na ce arba'in da bakwai. Ya ce goma sha biyu, na ce goma sha biyu. Na sauya kunne, nan ma haka. Sai ya rage murya, na ba shi amsa tun bai rufe baki ba. Ya ja da baya taku goma, na faɗa. Ya ƙara goma, na faɗa. Waɗanda ke bayana a layi suka fara kallon juna, don su ko motsin iska ba sa ji. Kofur ya manta da gajiya, ya ruga ya kira saje.

Saje ya zo ya kewaya ni, ya leƙa kunnena na dama, ya leƙa na hagu, ya ce, "Kai wane ƙauye?" Na ce Panshekara, yallaɓai. Ya ce yau zai ga ƙaryar Panshekara. Kyaftin ma abin ya ba shi sha'awa, ya ce saje ya tafi can bakin waya ya gwada ni da kansa. Saje ya taka cikin rana har wajen taku arba'in, ya juyo. A ɗakin saƙa wannan tazarar ai hirar yau da kullum ce.

Ya raɗa tamanin da uku, na kwarma, "Tamanin da uku!" Ya raɗa ɗari da biyar, na kwarma. Sai na ga ya share gumi, bakinsa ya ci gaba da motsi. Ni kuwa na ɗauka har yanzu jarrabawa ce, na cika ƙirjin nan da Tanko ya gina, na saki muryar 'yan saƙa:

"Wannan kyaftin da shegen son wasa, shi yana inuwa ya shanya tsoho a rana!"

Jama'a, ban taɓa ganin mutum ya daskare kamar sajen nan ba. Kofur ya toshe baki da hula. Kyaftin ya dubi saje, ya dube ni, sai ya fashe da dariya har yana dukan tebur. Ya taso da kansa ya ɗaga hannuna, ya ce tunda yake aikin nan bai taɓa ganin kunne irin wannan ba, wannan ai zomo ne. Ya sa aka rubuta sunana a sama, ya ce in na gama horo sashen sadarwa za a kai ni, in riƙe oba-oba, wato rediyon da sojoji ke magana da juna a daji. Aka ce mu dawo Litinin ta sama da takardar dagaci da akwati, mota za ta kwashe mu zuwa Zariya. Da zan fita saje ya bi ni da wani kallo, ya ce, "Zomo, za mu haɗu."

Ina so ku fahimci abu ɗaya. Ban yi maguɗi ba. Wallahi a ranar da an ba ni Alƙur'ani zan dafa in rantse ji nake yi. Shekara shida ido na kawo mini magana, har ta kai in na ga leɓe ya motsa, muryar mutumin nake ji a cikin kaina. Ban san inda kunne ya tsaya ido ya karɓa ba.

Washegari na shiga kamfani kamar ango. Kafin a yi awa guda labari ya zagaye ɗakin saƙa daga leɓe zuwa leɓe, kowa ya hango ni sai ya kafa yatsu biyu a ka kamar kunnen zomo. Tanko kuwa cewa yake yi shi ya koya mini. Na rubuta takardar barin aiki na miƙa wa Malam Garba, ya ninke ta ya sa a hula. Shi kaɗai ne bai yi dariya ba. Ya tambaye ni, "Da kofur ɗin ke raɗa, ina kake kallo?" Na ce shi mana. Ya gyaɗa kai ya wuce.

Ranar Laraba wajen azahar wuta ta ɗauke. In haka ta faru injuna kan mutu gaba ɗaya, mu zauna a kan damin yadi muna jira. Ana cikin ba'a da ni, Malam Garba ya miƙe ya ce, "Soja, zo nan tsakiya. Juya mini baya. Duk abin da ka ji na ce, ka yi."

Na juya ina murmushi. Ina fuskantar su Tanko, ina jira. Ba na jin komai sai wani siririn ƙugi da ke cikin kunnena kullum, wanda na ɗauka kowane ɗan Adam na da shi. Sai na ga Tanko ya fara dariya, na kusa da shi ma haka, wani har da faɗowa daga kan dami. Na ce a raina, tsohon nan bai fara ba tukuna, yana yi musu wasa ne. Can na ji an dafa kafaɗata.

Malam Garba ya zagayo gabana ya ce, "Taku shida na tsaya, da muryar da nake magana da iyalina. Sau uku na ce ka kwanta. An harbe ka sau uku, Habu, kana tsaye kana murmushi."

Na ce, "Malam, ba ku ɗaga murya ba ne."

Ya ce, "Wanda zai ce ka kwanta a daji ba zai ɗaga murya ba, kuma ba zai zagayo gabanka ba. Sannan wannan oba-oba da za su ba ka, ka taɓa ganin ta? Ba ta da leɓe."

Aka sake kwashewa da dariya. Tanko ya ce shi bari ya nuna mini yadda ake yi, ya fito ya juya baya. Malam Garba ya ce masa Tanko mai gwame sau uku, yana tsaye ƙiƙam yana jira a fara. Daga nan kowa ya ce sai ya gwada. Ɗaya bayan ɗaya suna fitowa, ana ta shewa. Wani yaro da bai cika shekara ba ya ji tun a karo na farko. Na shekara biyu ya ji a na uku. Daga shekara biyar zuwa sama, babu ko ɗaya. Ban san a kan wa dariyar ta tsaya ba, na dai duba na ga kowa yana kallon injinsa.

Wani ya ce, "Malam, ku fa?"

Ya ce, "Ni rabona da jin kiran salla na manta. In na ga mutane sun kama buta, nakan kama tawa."

Sai wuta ta dawo, kowa ya tashi ya kama aiki.

Kwana huɗun da suka biyo baya ban san inda kaina yake ba. Sunana na sama a takarda, ba wanda ya sani a bariki, mota na jira. Tanko ya ce, "Kai dalla ka tafi abinka! Soja ai ihu suke yi, ka taɓa ganin saje na raɗa in ba ranar nan ba? Kafin su gane ka zama kofur." Kuma maganarsa da ƙamshin gaskiya. Ina son kakin nan kamar raina. Amma duk sanda na rufe ido sai in ga an ajiye ni gadi, mutane irin su Isyaku sun kwanta sun saki jiki saboda an ce musu zomo ne ke tsaro.

Ranar Juma'a da yamma na zauna na gaya wa Inna duka. Na zaci za ta yi guɗa, addu'arta ta ci. Sai na ga idonta ya kawo ruwa.

Ta ce, "Ashe ba raini ba ne."

Na ce, "Raini kamar yaya, Inna?"

Ta ce, "Shekara biyu ke nan ina kiranka daga madafa, kana tsakar gida ka ba ni baya, ko waiwaye ba ka yi. Na ce yaron nan don yana kama albashi ya fi ƙarfina. Ban gaya wa kowa ba, na bar wa Allah. Ka yafe mini, ɗan nan."

Wannan magana ta fi ta Malam Garba yi mini ciwo. Na tambaye ta in tafi ko in zauna, ta ce ita bakinta ya fita daga ciki, wanda ya san inda ke masa ciwo shi ke sosawa.

Ku ce mini wawa in kun so, amma ranar Litinin na ɗauki akwatina da takardar dagaci na tafi bariki. Ban yanke komai ba, ƙafata ce kawai ta kai ni. Aka jera mu muna fuskantar mota, saje na bayanmu da takarda yana kiran suna, wanda aka kira ya hau. Ina tsaye ina kallon motar ina jira a fara, sai na kusa da ni ya zungure ni da gwiwar hannu ya ce, "Malam, ba kai ne Zomo ba? Sau uku ke nan ana kiran ka."

Na waiwaya. Saje ya harzuƙa, ya daka mini tsawar da ko gawa za ta ji, ya ce in hau mota kafin ya ci mutuncina. Na jefa akwati ciki, na ɗora ƙafa ɗaya a kan taya. Ba abin da ya rage sai in ɗaga ɗayar. Na tsaya a haka har na bayana ya fara tura ni. Sai na sauko, na je gaban saje na ƙame yadda Tanko ya koya mini, na ce, "Yallaɓai, ina da magana. Ni ba na ji sosai."

Ya ja ni bayan mota, na kwashe komai na gaya masa. Ya juya ni ya yi nasa gwajin, ban san abin da ya ce ba, kuma na gode wa Allah da ban sani ba. Da ya zagayo gabana gashin bakinsa na rawa.

Ya ce, "Wato ranar nan ba ji ka yi ba, gani ka yi?"

Na ce, "Haka ne, yallaɓai."

Ya ce, "Kwana bakwai na yi ina gadin ƙofa kamar sabon kurtu saboda bakinka. Ashe da na juya baya da na tsira!"

Na ce ya yi haƙuri. Ya yi tsaki, ya sa aka sauko mini da akwati, ya zaro alƙalami ya ja layi a kan sunana. Na ji layin nan har cikin ƙirjina. Amma bai sallame ni ba. Ya tsaya yana dubana, ya ce wane fagen daga na je, don shi a wurin masu harba igwa kaɗai ya san irin wannan kunne. Na ce ban je ko'ina ba, saƙa nake yi a Sharaɗa. Ya juyo mini da kunnensa na hagu ya nuna da alƙalami.

Ya ce, "Wannan ya mutu tun lokacin yaƙi, igwa ce ta ci shi. Amma ni an san inda na kai nawa, har lamba aka maƙala mini. Kai naka fa, wa ya san ka bayar?"

Ya miƙo mini hannu muka gaisa, abin da ban ga ya yi wa kowa ba a filin nan. Ya ce in da na hau motar, da wata rana na kashe masa yara. Ina tsaye da akwati motar ta tashi.

Washegari na koma kamfani a kunyace, ina shirin roƙon a sake ɗauka ta a matsayin sabon shiga. Malam Garba ya cire hula, ya lalubo takardata ya miƙo mini, ya ce ta yi masa nauyi a ka, bai samu sukunin kai ta ofis ba. Ya nuna mini injunana da haɓa.

Daga ranar muka fara cusa auduga a kunne, abin da ke zube ko'ina a ƙasa muna takawa shekara da shekaru. Ga irinmu an makara, abin da ya tafi ya tafi. Amma da na zama heluma bayan Malam Garba ya yi ritaya, duk sabon da aka kawo mini, kafin in nuna masa yadda ake ƙulla zare sai na cusa masa auduga da hannuna. In na kama shi ya cire, ranar zai san ina da faɗa.

To ku masu shawarar kaki, ba zan ce ku je ba, ba zan ce ku zauna ba. Soja aiki ne na mutunci, kuma mai shigarsa ya san abin da ya sa a faranti tun ranar farko. Abin da na koya shi ne, namu aikin ma yana karɓar nasa, sai dai shi a hankali yake karɓa, ba ya faɗa maka, kuma mu ma'aikata mun iya rufa wa juna asiri har mu rufe wa kanmu. Mu ɗaki guda muka kurumce tare muna hira, ba wanda ya lura. Kafin ku ce wancan ne mai haɗari wannan ne na lafiya, ku tsaya ku duba abin da wannan ɗin ya riga ya ɗauka a jikinku.

Ni ban yi nadamar saukowa daga motar nan ba. Abu ɗaya ne ke damuna. Ina da jika, Hauwa, shekararta huɗu, kowa a gidan na cewa in tana karatun allo muryarta daɗi gare ta. Nakan zaunar da ita a gabana in ce ta karanta, ina kallon bakinta, in ta kuskure in gyara mata. Ba na kuskuren harafi ko ɗaya. Amma muryar, sai dai in yarda da abin da suka ce.